Jan Haƙoran Iya a Bikin Shisha

Na daɗe ina ɗaukar wayar nan ina ajiyewa. In rubuta layi biyu, in goge, in yi istigfari, domin maganar ta taɓa ɗan'uwana kuma ina tsoron kada ta zama giba. Har matar limamin unguwarmu na tambaya, ta ce in dai mafita nake nema ba tonon asiri ba, babu laifi. Duk da haka zuciyata ba ta gama kwanciya ba. Karatuna a firamare ya tsaya, don haka a yi haƙuri da rubutun.

A unguwar Ka'akiyya ta Makka na tashi, a wani gidan haya mai ɗaki biyu a jikin dutse. Kakarmu, wadda muke kira Iya, ta zo Makka daga ƙasar Kano ta Chadi da Sudan, da babanmu a goye. Sana'arta suyar gyaɗa. In an idar da magariba sai mu hau rufin gida, ta hura gawayi, ta ɗora kasko da yashi a ciki, ni da yayana Usman muna ƙulla wadda ta huce a leda. In wuta ta haska fuskarta, haƙoranta ake fara gani, jajur da goro da fure. Alhazan garinsu ne ke kawo mata busasshen furen taba, tana lallaɓa shi har shekara ta zagayo.

Iya tana da ƙawa, Hajja Salma, wata 'yar ƙaramar tsohuwa da suke kasa kaya tare a ƙofar makaranta. Mutanen Makka suna ce mata Jawiyya, kamar yadda suke ce wa duk wanda ya fito ta can gabas, kuma kamar yadda mu ake ce mana Takari ko daga ina muka fito. Ita kuwa kullum sai ta gyara: ita ba Jawa ba ce, 'yar Vietnam ce. Haƙoranta baƙi wuluk suna sheƙi. Tun tana budurwa aka rina mata su, kafin ta auri musulmi ta musulunta. Da guntun Larabci da nuni da hannu suke hira da Iya, kuma daga bakinta Iya ta samo labarin da muka fi so.

"Wannan tatsuniyar ba tamu ba ce," haka take farawa. "Aro na yi a wurin mai baƙin baki. In kun ɓata mini ita, ku za ku biya."

Wai akwai wata ƙasa ta ruwa da shinkafa, a ƙarƙashin babbar ƙasar Sin. Sarkin Sin ya mamaye ta, 'ya'yansa da jikokinsa suka ci gaba da riƙe ta kusan shekara dubu. Ya aiko gwamnoninsa, ya aiko rubutunsa, ya aiko irin rigarsa da irin ɗaurin gashinsa. Mutanen suka karɓi rubutun saboda yana da amfani, suka sa rigar in za su fita. Da aka ce su daina rina haƙora, sai matan suka koyi gaida gwamna da baki a rufe. In sun koma gida sun ja ƙyaure, sai su bushe da dariya, baƙi ƙirin.

"Iya, shekara dubu baki a rufe?" in ji Usman.

"Kai da ba ka iya rufe naka tsawon suyar kasko ɗaya, ina za ka gane? Ƙulla gyaɗa."

Sai aka samu waɗansu samari da suka kankare nasu haƙoran da yashi har suka yi fari, suka tafi gidan gwamna aka ba su riga mai faɗin hannu. Su ne masu fassara, su ne masu nuna gidan da ake taro. Ranar da jiragen ruwan Sarkin Sin suka shigo babban kogi, su ne a gaba suna nuna hanya. Abin da ba su sani ba, mutanen ƙasa sun kakkafa itatuwa masu tsinin ƙarfe a ƙasan kogin lokacin da ruwa ya cika. Da ruwa ya janye, jiragen suka zauna a kan tsini. Daga nan ƙasar ta koma hannun masu ita. Suna aika wa Sarkin Sin gaisuwa da kyauta don a zauna lafiya, amma a cikin gida su ke mulkin kansu.

A nan Usman yake miƙewa tsaye, ledar gyaɗa a hannu. "To masu farin haƙoran fa? Me aka yi musu? Wallahi da ni ne, a kogin zan dulmiya su!"

"Ban tambaye ta ba," in ji Iya. "Zauna, sarkin yaƙi. Gobe zan tambaya."

Kullum gobe. Har aka rushe layin su Hajja Salma, 'yarta ta zo ta ɗauke ta, ba mu sake jin inda suka nufa ba.

Usman ya yi karatu, Larabcinsa ya fi na kowa a gidanmu, ya samu aiki a ofishin masu motocin da ke kai alhazai Muzdalifa. Ya nemi aure a unguwar Shisha, a gidan mutanen da kakanninsu Hausawa ne amma sun daɗe da daina faɗa. Iya ta yi sati tana shiri. Ranar bikin ta fito da furenta na ƙarshe ta goge haƙoranta da kyau, ta ce ba za ta je wa jikanta da baki fari kamar mara lafiya ba.

A ƙofar ɓangaren mata ya tare mu. Ya dubi bakinta, ya dubi ƙasa.

"Iya, don Allah ki bar niƙabinki a sauke ko a ciki. Kuma kada a yi Hausa."

"A cikin mata, Usmanu?"

"Na yau kawai."

Ta sauke. Muna nan tsaye sai ga uwar amarya ta leƙo, ta tambaye shi wace ce wannan hajiyar. Da kunnena na ji amsarsa, da Larabci, a hankali. Ya ce wata tsohuwa ce da ta yi mana aiki a gida tun muna yara.

Iya tana jin wannan Larabcin sarai. Aka nuna mata kujera kusa da ƙofar kicin, ta zauna har aka tashi, ba ta ɗaga niƙabin ba ko don ta sha ruwa. A tasi muna komawa na fara kuka, ta ce, "Yi shiru, 'yar nan. Gaisuwar gwamna na yi. Bari mu isa gida." Amma da muka isa muka ja ƙofa, ba ta yi dariya ba. Ta ci gaba da suyar gyaɗa har ƙarfinta ya ƙare, labarin ne dai ba ta sake bayarwa ba.

Da ina yarinya na ɗauka labarin na jarumta ne, ƙaramin da ya gagari babba. Yanzu da na kai shekarun da nake tauna goro ni ma, na ga Sarkin Sin bai taɓa ba Iya tsoro ba. Ta san yadda ake gaida na waje a koma gida. Wanda ya ci gyaɗarta a gefen kasko ne bai bar mata gidan da za ta koma ta yi dariya ba.

Tun ranar ban taka gidan Usman ba. Muna gaisawa a waya ranar Sallah, da Larabci, don kada Allah ya kama ni da yanke zumunci, kuma ko wannan ban san ko ya isa ba. Sai ga shi kwanan nan 'yarsa ta zo har Ka'akiyya. Ta ce ɓarin jikin babanta ya shanye. Larabcin ya kuɓuce masa, Hausa kawai ke fitowa, kuma duk gidan babu mai jin ta. "Amma," ta ce mini, wato gwaggo, "kalma ɗaya yake ta maimaitawa. Wace ce Iya?"

Na ce mata zan yi tunani. Ina ta yi, barci ya gagara.

Shi ya sa nake roƙo. In akwai wanda ya san zuriyar Hajja Salma mai baƙaƙen haƙora, wadda ta sayar da kaya a ƙofar makaranta a Ka'akiyya, ko wanda ya karanta tarihin mutanen Vietnam fiye da ni, ya gyara mini inda na ɓata, domin aro ne. Sannan ya faɗa mini abin da Iya ba ta tambaya ba. Bayan ruwa ya janye, da masu farin haƙoran suka dawo ƙofar gida, an buɗe musu?