Yadda Na Rama wa Turmin Mama

Ranar Juma'a ce, cikin Oktoban 2003, na dawo daga makaranta a guje ko jaka ban ajiye ba, na leƙa ta kan shingen bayan gidanmu a Hounslow, unguwar da ke dab da filin jirgin saman Landan. Maƙwabcinmu Mista Dennis na tsaye a lambunsa, ya kafa rakoda da makirfo a kan tsani. Ranar ce Konkod, jirgin nan mai dogon baki da ya fi sauti gudu, zai yi saukarsa ta ƙarshe, shi kuwa tsohon ya yi makonni yana shelar zai naɗi ƙararsa ya ajiye wa jikokinsa. Shekarata goma, kuma na daɗe ina jiran abin da zan ƙuntata masa da shi.

Dalilina turmin Mama ne. Daga Kano ta taho da shi, kyautar mahaifiyarta, kowace Asabar a bayan gida take daka yaji da daddawa, ni ina tankaɗe, muna hira. Mista Dennis, mutumin da ke yin tafi duk lokacin da jirgin ya girgiza mana tagogi har kofuna su yi ta kaɗawa, shi ne ya kai ƙara council, wato hukumar unguwa, wai dakanmu na hana shi sakewa. Wasiƙa biyu aka aiko. Baba ya ji tsoron kada a tashe mu daga gidan, ya ɗauki turmin ya kai wa wasu mutane a Dagenham, can ɗaya gefen birnin. Daga baya na ga Mama a kicin tana goge ido da gefen mayafi. Taɓaryar kaɗai aka bari a bayan ƙofa.

Ita na ɗauko, tare da babbar tukunyar da muke dafa shinkafar Sallah. Na kife ta dab da shinge na tsuguna. Da rugugin ya taso, na ga ya danna rakodar, sai na shiga jibga da duk ƙarfina. Jiragen Konkod uku ne suka sauka bi da bi, ban tsaya ba sai da na ukun ya ɓace. Tukunyar ta lotse, tafin hannuna ya yi bororo. Tsohon yana ta ihu, fuskarsa jawur, hawaye na zuba.

Mama ta ja ni da kunne har ƙofarsa. "Ba shi haƙuri, Bilkisu." Na ce masa sorry, na ƙara da Hausa a hankali, "Gobe ma ka kai ƙara." Ta ji ni sarai. Muna shiga gida ta jingina da bango, dariya ta ƙwace mata.

Yanzu 'ya'yana a gidan tarihi suke ganin jirgin, suna tambayata ko na taɓa jin ƙararsa. Mista Dennis ya daɗe da rasuwa, Mama ma haka. Na yi masa addu'ar sauƙi sau da yawa, amma har yau ban iya yin nadama ba.