Tambaya a Gaban Suruki

Ku sababbin ma'aikata, har gobe gabana faɗuwa yake idan na tuna Larabar da aka kawo Bello. A lokacin watana biyu ke nan a ɗakin masu son barin ƙwaya a nan Illela, inda ake duba mutum ya koma gida. A horon da aka ba mu a Sakkwato an nanata mana abu biyu: a tambayi mara lafiya shi kaɗai, kuma wanda ya daɗe kan ƙwayar barci ba ya yanke ta lokaci guda, likita ne ke rage masa sannu a hankali.

Bello direba ne mai kai kaya Ƙwanni, can ƙetaren iyaka. Surukinsa ne ya kawo shi daga Kalmalo, dattijo mai furfura. To ni, sa'ar jikarsa, ta yaya zan ce Baba fita? Na kasa. Na tambayi Bello a gabansa ƙwayar barci nawa yake sha, tun yaushe. Kansa a ƙasa ya ce, "Guda, wata rana. Ban daɗe ba." Na rubuta a katinsa, ban tura shi wajen likita ba. Baba ya ce, "Daga yau ka bari ke nan." Ni kuma na gyaɗa kai.

Ranar Asabar sai ga Bello an ciccibo shi, jiki na karkarwa, jini a baki. Muna shimfiɗa shi ya sanƙare, idanu suka juye. Innalillahi! Na ce shi ke nan, na kashe mutum da birona.

Sista Rabi, shugabarmu, ta juya shi gefe, ta yi masa allura, ta sa a kira likita. Sannan ta fizgi katin ta karanta.

"Wa ka zaune sa'ad da kika tambaye shi?"

"Surukinai."

"Ke Hadiza! Mi anka koya muku?"

Aka wuce da Bello Sakkwato, kwana uku abinci bai ratsa maƙogwarona ba.

Allah Ya sa ya tashi. Da ya dawo na rufe ƙofa, daga ni sai shi. Na sake tambayarsa, ashe shekara huɗu yana sha, kullum fiye da goma.

"Malama," ya ce, "ko ke ce, gaban uban matata za ki faɗi?"

Mutanenmu sun gwammace ciwo da jin kunya, kuma ni ma kunyar ce ta kayar da ni. Yanzu ko hakimi ya rako mutum, tabarma nake shimfiɗa masa a waje. An sha kirana marar tarbiyya. Na yarda.