Matar da Ta Ƙi Babban Bokiti

A shagon Pyo da ke bakin tashar masunta ta Mokpo a ƙasar Koriya, wata mata tana tsaye gaban kantar baƙin man injin dizal. Gajeruwa ce, ta haura sittin, fuskarta ta sha rana da iskar teku. Rigar ruwan da ke jikinta ta namiji ce, har ta nannaɗe hannuwan.

"Inna, ɗauki bokiti mai lita ashirin," in ji Pyo. "Shi masu jirgi ke saye."

Ta ɗaga bokitin kaɗan, ta ji nauyinsa. Sai ta dire shi, ta jawo ƙananan galan huɗu.

"Kai za ka biyo ni ka zuba min? Kai da kwalin taliya ke sa ka haki?"

Da alama da can mai rigar nan ne ke ɗaukar mata, kuma wannan ne karon farko da za ta juye man jirgin ita kaɗai.

"To, in turo miki makanike?" in ji Pyo.

"Idan injin ya mutu a tsakiyar teku, makaniken naka zai iyo ya same ni? Miƙo min mazurari, ka nuna min ta inda ake zubar da tsohon."