Fadama a Madina

Layi talatin na inabi aka ce in zaɓa, ko na tudu ko na kwari, tun 'ya'yan suna kore. Haka muke saye. Kana kama gona kafin ta nuna, abin da ta bayar naka ne. Na riga na yi wa gidajen abinci huɗu na kusa da Harami alkawarin inabi har ƙarshen zafi, kuma ba ni da wata gonar.

Gonar tana bayan gari, a gindin wani dutse. Mai ita dattijo ne, kakansa ya zo aikin hajji da ƙafa bai koma ba. Hausarsa rabi Larabci ce.

Na duba tudun, tsakuwa zalla, itatuwan duk sun tsumbure. Kwarin kuwa ƙasa mai laushi, ganye ya rufe ko'ina. Mahaifina ya yi noma a can gida ƙasar Hausa kafin ya zo nan, kuma kullum zancensa inda ruwa ya kwanta nan albarka take. Ni a nan unguwar Azizya aka haife ni, ban taɓa ganin fadama ba, amma na ce, "Baba, fadamar nan nake so."

Dattijon ya yi dariya har da tari. "Fadama a Madina? Ya waladi, ɗana, ganye za ka sayar wa alhazai?"

Ya ɗebo ƙasar a tafin hannu ya ce in lasa. Na ƙi. Na ɗauka wayon masu gona ne, yana so ya riƙe mai kyau.

Da zafi ya tsananta na gane. Ruwan rijiyar da ake shayar da gonar akwai gishiri a cikinsa. A tudu yana tsanewa ta cikin tsakuwa, a kwari yana zama, ya bar fari-fari a gindin itace. Tudun yana kallon gabas, dutsen yana yi masa inuwa tun la'asar. Kwarin kuwa rana na dukansa har kusan magariba, iska ba ta ratsa ganyen. Mahaifina bai yi ƙarya ba, ƙasar da ya sani ce daban.

Rabin 'ya'yan suka yanƙwane a kan itace, sauran suka nuna da tsami. Gidaje biyu suka koma wurin wani dillali, har yau ba su dawo ba. Biyun da na je na gaya musu gaskiya tun da wuri, su ne nake kai wa kaya har yanzu.