Facin da ke Taswirar Malam Sada

Duk wanda ya san Malam Sada ya san ba ya gaishe mu da safe sai ya fara gaida Hajiya. Hajiya kuwa ita ce saba, babbar kwamfutar ofishinmu, mai ajiye hotunan gonakin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa waɗanda tauraron ɗan'adam ya ɗauko, tana rarraba wa malaman gona ta wayoyinsu. Fanka ɗaya gare mu, ita ake juya wa. In na yi ƙorafin zufa sai ya ce, "Kai in ka suma a yayyafa maka ruwa. Ita hwa?"

Ran nan wani dattijo ya taso tun daga Faskari, wai a nuna masa awakin da ke cinye masa dawa. Malam ya ce, "Baba, hoton ga na bara ne."

"To ai na baran ma ina neman su!"

Wallahi haka suka duƙufa har azahar suna leƙen awaki.

Da ogan ofishinmu ya ce a mayar da hotunan zuwa ma'ajiyar wani kamfani a ƙasar waje, Malam ya zabura: "In ba baƙo amanar gonakin Sabuwa? Ko kakanshi ban sani ba!"

Amma babbar rigimar ita ce ta faci. Duk sanda muka ɗora sababbin hotuna, akwai ɗan gurbi a kan Ketare, garinsu Malam, da ba ya bari a taɓa tsohon hotonsa. Taswira kore shar ta damina, wurin nan busasshe, kamar faci a wando. Malaman gona suka yi ta ƙorafi, har oga ya ce ko a gyara ko a sauya wa Malam aiki. Malam ya ce a sauya masa.

Na ce, "Haba Malam, mi ke cikin wurin ga?"

Ya jawo hoton kusa. Tsakar gida ce, da shimfiɗa ja, da ɗan ɗigo a gefe.

"Inna ce ke shanyar barkono. Har ta rasu ba ta yarda an ɗauke ta hoto ba, sai da aka zagayo mata ta sama."

Na yi dariya har da ƙwalla, shi ma haka. Da oga ya ji, bai sake tayar da maganar ba.

Yanzu ni ke gaida Hajiya, kuma facin na nan. Allah ya jiƙan Malam Sada, ya sada shi da Inna inda zai ga fuskarta sosai.