Rigar Makarantar Zaituna

A layinmu na New Bell, in ka ga Asibi tela tana tafe da tef a wuya, to ta ji labarin an kawo wata yarinya riƙo daga arewa. Ba ta iya zama wuri ɗaya. Keken ɗinkinta ma a tsaye take fara taka shi.

Ita ma riƙon aka kawo ta daga Garwa tana ƙarama, da alkawarin za a sa ta makaranta. Wanke-wanke da talla suka cinye ƙuruciyarta, har yau ba ta san ko bihim ba. Abin yana ci mata rai, ba ta kuma ɓoyewa.

Dabararta ɗaya ce. Ta auna yarinyar a hanya, ta sayo yadi a Kasuwar Kwango, ta ɗinka kayan makaranta, ta kai ranar suna ko biki, ta miƙa wa uwar riƙon a gaban mata. Wa zai mayar da kyauta a idon jama'a? Kunya kan sa a kai yarinyar aji.

Sai ta gamu da Hajiya Hafiza, wadda aka kawo wa Zaituna daga Ngaundare. Yarinyar tun asuba take jan ruwa, da hantsi a ɗora mata farantin gyaɗa zuwa kasuwar Nkololoun. Hajiya ta karɓi kayan hannu biyu, har da shi albarka.

Ranar komawa makaranta Asibi ta leƙo bakin layi. Ga ɗinkinta nan, amma a jikin 'yar Hajiya ta cikinta. Zaituna na biye da ita, ta ɗauko mata jaka.

Laifin ma rabi na Asibi ne. A nan ana ɗinka sunan ɗalibi a ƙirjin riga, ita kuwa kullum tsallake wannan take yi, don ba ta iya rubutu ba. Ranar ko abinci ba ta ci ba. Ta je wajen Mukhtar mai kemis ya zana mata sunan Zaituna da alli a kan sabon yadi, ta zauna tana bin zanen da jan zare, tana farkewa tana sakewa.

A walimar gidan liman ta ɗaga rigar sama.

"Hajiya, waccan ta yi wa Zaituna kaɗan, ko? Ga wata. Jibi zan biyo mu raka ta lekol tare, ta fara karatu."

Mata suka zuba wa Hajiya ido. Hajiya ta ce, "Allah ya kai mu," ba ta dubi kowa ba.

A soro Zaituna ta shafa jan zaren.

"Inna, me aka sa a nan?"

"Mukhtar ya ce sunanki ne. Ni ban iya tabbatar miki ba. Ki je ki koyo, ki zo ki gaya mini ko gaskiya ya faɗa."