Karen da Wanzami Ya Ƙi Taɓawa

Yayana ne ya kawo shi ƙauyenmu Maruta daga Abuja. Baturen da yake wa gadi ya koma ƙasarsu ya bar masa kare, shi kuma ya damƙa mini amanarsa. Kai, ban taɓa ganin halitta irin wannan ba! Fuska a lotse kamar an taka gwangwani, hanci babu, idanu a waje. Yara suka yi ta dariya har da faɗuwa.

Numfashinsa kuwa, ido biyu ma minshari yake. Baba ya saurara ya ce, "Beli ne. Haka ka yi kana jariri, da aka cire maka ka samu lafiya. A kira wanzami."

Wanzami ya zo da zabirarsa, ya leƙa, ya ja da baya. "Haba Alhaji! In na sa ƙarfena a bakin kare, wa zai sake kawo mini ɗansa?" Ya shuri takalmansa ya yi gaba.

Da bazara ta kankama, Baba ya sa aka kora karen kiwo tare da shanu, wai ba a ciyar da kare yana kwance. Ko rafi bai kai ba ya zube, harshe ya yi baƙi. Hankalina ya tashi. Me zan ce wa yayana? Na shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu a kwando, na sa shi a ciki, na ɗaura a babur sai Birnin Kudu, ina tsayawa a hanya ina yayyafa masa ruwa.

Likitar dabbobi ta yi masa allura, ta kwantar da shi gaban fanka. Ta ce irinsu haka ake haifarsu, ƙofar hanci a tsuke, ga wani nama a maƙogwaro yana tare iska, zafi da gudu kashe su suke. Da ya murmure ta yi masa aiki, ta buɗa hancin, ta rage naman.

Ranar da na dawo da shi ya kwanta a gindin darbejiya, shiru. Na ɗauka ya mutu. Na durƙusa, sai na ga cikinsa yana hawa yana sauka a hankali. Ashe barci yake! Wallahi sai da na yi ihu don murna.

Da na gaya wa Baba abin da aka yanke, ya buga cinya. "Ban faɗa ba? Beli ne!" Na bar masa.

Shi da bakinsa ya hana a sake fita da karen cikin rana. Da azahar kuwa, mutumin da bai taɓa yarda kare ya raɓe shi ba, na gan shi ya gama alwala, ya miƙa hannu daga nesa, yana tsiyaya masa ragowar ruwan butarsa a ka.